Katin Jibin Da Na Ɗauko Daga Gwangwanin Mijina

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta wannan fili da masu karatu ke zazzage abin da ke cikinsu, ina taɓe baki ina cewa ni ba ni da abin tonawa. Ƙarya nake yi wa kaina. A tsakiyar shekarun 1980 ni mace ce 'yar shekara talatin da 'yan kai, nas a wani babban asibiti cikin birnin Washington, matar aure mai 'ya'ya uku, muna zaune a Bowie cikin gidan kanmu. Daga wani ƙauye na ƙasar Filato na fito, 'yar mai bishara, kuma na taso ina ganin duk abin da ya shafi ikkilisiya gadona ne. Ina cikin zumuntar mata, ina cikin mawaƙa, ni ce mai babbar tukunya ranar kowane biki. Allah ya ba ni murya, ya ba ni hannun girki, ya kuma ba ni bakin da ba ya iya riƙe ruwa. Biyun farko kowa ya yaba, na ukun nan shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Mu Kiristocin Arewa da ke wannan yanki ba mu kai mu gina majami'ar kanmu ba a lokacin. Wata ikkilisiyar Amurkawa da ke Beltsville ce ta ara mana ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, mu shiga da yamma ran Lahadi bayan masu wuri sun watse. Mun zo da komai namu daga gida, littafin waƙa da zanen zumunta da kati. Wanda bai tashi a irin ikkilisiyarmu ba sai na yi masa bayanin katin nan. Duk wanda aka yi wa baftisma ana ba shi kati mai layi-layi, kuma duk watan da ya ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a, fasto ko dattijo zai sa hannu a layin watan. In mutum ya yi laifi aka sa shi a horo, dattawa su karɓe katin, ya koma bencin baya, ba ya cin jibi, ba ya shiga mawaƙa, har sai ya tsaya gaban jama'a ya tuba. In kuma mutum ya rasu a wata ƙasa, katin ne ake aika wa gida, domin shi faston ƙauye zai duba kafin ya yarda a yi wa mamaci sujadar ban kwana. Mijina ne magatakardan ikkilisiya, don haka katunan masu horo a gidanmu suke kwana, cikin wani tsohon gwangwanin biskit a saman kabad ɗin ɗakinmu.

Malamin waƙarmu ɗan kudancin Kaduna ne, ya zo karatu ya zauna, yana aiki a wani ofishin zanen gine-gine. Na girme shi da shekara huɗu ko biyar, don haka Yaya yake ce mini. Dogo ne, mai tsabta har ta yi yawa, mai fara'a a waje, amma ranar koyon waƙa ba ya da uwa ba ya da uba. In mace ta kauce layi sai ya tsayar da kowa ya tambaye ta ko tana sauri ne tuwonta zai ƙone. Shi ya mayar da mu mawaƙa, domin kafin zuwansa kowa bakinsa yake bi. Bai yi aure ba, mu kuwa matan zumunta mun ɗauki abin tamkar aikin da aka ɗora mana. Babu ƙanwar da ba mu nuna masa hotonta ba. Sai ya yi dariya ya ce ai ya riga ya auri mawaƙa, kuma matan sun fi ƙarfinsa. Uwarsa gwauruwa ce a ƙauye, shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma duk wanda za shi gida sai ya ba shi kaset da ya yi mata waƙoƙi a ciki.

Wata safiya aka tura ni in riƙe wa wata abokiyar aiki a ɓangaren da masu sabuwar cutar nan ke zuwa, ciwon ƙanjamau, wanda a lokacin ko sunan Hausa bai samu ba. Na ɗauki fayil na leƙa ɗakin jira don in kira mai shi, kafin in buɗe baki na gan shi. Yana zaune ya rame a wuya, kusa da shi wani baƙin Ba'amurke mai furfura a gefen kai yana riƙe da hannunsa, irin riƙon da ba ka buƙatar a fassara maka. Na duba fayil ɗin, sunansa ne. Da muka shiga ɗakin awo ya jira na rufe ƙofa, sannan ya ce mini Yaya, yau Allah ya sa asirinsa a tafin hannuna, yana roƙona don girman Yesu in rufe hannun. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai aikina ma ya hana ni magana, kuma ni ba yarinya ba ce. Na auna jininsa, na rubuta abin da zan rubuta, na raka su har bakin ƙofa. Wannan ranar Talata ce.

Ran Asabar muka yi zumuntar mata a gidan wata 'yar'uwa a Springfield. A tsarinmu, bayan waƙa da karatu, Mama shugabar zumunta takan tambayi ko akwai mai roƙon addu'a, kowa ta kawo abin da ke damunta a ɗauka tare. Kwana huɗu maganar nan tana cina kamar barkono a ido. Na gaya wa kaina ai wannan ba gulma ba ce, kai wa Allah ne. Na miƙe, na gyara ɗankwali, na sa muryar tausayi, na ce a yi addu'a domin wani ɗan'uwa a cikinmu da ya faɗa cikin luwaɗi har ya kwaso cutar nan da ba ta da magani. Na ce ba zan faɗi suna ba. Da na tsaya nan da wataƙila an ta lalube. Amma na ga idanu sun dawo kaina, na ji daɗin abin, sai na ƙara da cewa mu roƙi Ubangiji kada muryar da ke yi mana jagora ta zama sanadin hallakarmu. Mata goma sha wani abu ne a falon, kuma malamin waƙa ɗaya muke da shi. Mun yi addu'ar kuwa, har da hawaye, sannan muka ci shinkafa kowa ta yi sauri ta kama hanyar gida, domin kowace tana da mijin da za ta ba labari.

Magana zarar bunu ce. Kafin sujadar Lahadi dattawa sun zauna, suka kira malamin. Mijina yana ciki yana rubutu, shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Malamin bai yi musu ba. Ya ce shekara bakwai ke nan suna tare da mutumin, ya ce bai taɓa fita daga hannun Yesu ba ko da yini ɗaya, ya kuma ce ya san abin da suke karantawa a Littafi Mai Tsarki domin shi ma shi yake karantawa, ya yi kuka a kansa fiye da su. Babban dattijonmu, wanda kowa ke ce wa Baba, ya gindaya masa sharaɗi biyu, ya rabu da mutumin, ya kuma tsaya gaban ikkilisiya ya tuba. Malamin ya ce ba zai kori wanda zai juya shi a gado ranar da ya kasa juyawa ba. Sai Baba ya miƙa hannu ya karɓi katin. Kada mai karatu ya ɗauka Baba mugu ne. Shi ne mai zuwa filin jirgi ya ɗauko baƙon da bai sani ba, ya ajiye shi a gidansa wata uku, kuma mijina ya ce yana hawaye ya karɓi katin. Ba mu da benci a ɗakin nan, kujerun ƙarfe ne masu naɗewa, amma sai da aka ware guda aka kai ta can baya kusa da inda ake rataye rigunan sanyi. Nan ya riƙa zama duk Lahadi, yana jin mawaƙan da ya koyar suna kauce layi. In an tashi wata 'yar'uwa ta goge kujerar da maganin wanki, ni kuwa da na san ba a ɗaukar cutar ta kujera na yi gum da bakina.

Faston Amurkawan da suka ara mana wuri, wani dattijon Bature mai sanyin magana, ya ji labari ya sauko ya roƙi dattawanmu su sassauta. A tasu ikkilisiyar ba sa hana mutum irin malamin cin jibi. Baba ya amsa masa da cewa a ƙasar nan ko shugaban ƙasa ba ya gaya wa majami'a wanda za ta ba gurasa, kowace ikkilisiya da ƙofarta da mabuɗinta, kuma wannan 'yancin ne ya sa muke iya yin sujada da harshenmu babu mai tsangwama. Baturen ya ce gaskiya ne, suna da wannan iko, ba zai karɓe ɗakin ba, ya dai zo roƙo ne. Ranar na yi ta yabon Baba a mota har muka isa gida. Ni da aka kori ubana daga ƙauyensu saboda ya ƙi yin tsafin gidansu bayan ya karɓi Almasihu, ni da na taso ina jin labarin yadda ya kwana a gindin dutse da matarsa da jariri, na ɗauka babu wanda ya fi ni sanin darajar a bar mutum da addininsa. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa dattawan da suka kori ubana su ma abin da suka ce ke nan ba, gidansu ne, dokarsu ce.

Da sanyi ya shigo sai kujerar baya ta zauna babu kowa. Babu wanda ya tambaya, ni ma ban tambaya ba. Wata rana na tashi aiki da rana tsaka, na nufi inda na ajiye mota, sai ga Ba'amurken nan tsaye yana jirana. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya san ni ce na tona asirin. Ya ce tun ranar da abin ya faru ya rubuta takardar ƙara zai kai wa hukumar asibiti, kuma na san abin da ake yi wa nas ɗin da ta fitar da sirrin majiyyaci. Na sani sarai, kora ce da ƙwace takardar aiki. Sai ya ce malamin ne ya karɓe takardar ya yaga, wai matar nan, wato ni, tana da 'ya'ya uku, kuma wai ita kaɗai ce mai murya ta biyu da ba ta kauce layi, in aka kore ta ta koma Najeriya mawaƙan sun mutu ke nan. Ya ce shi bai yafe mini ba, kuma bai zo don ni ba. Ya zo ne domin kwana uku ke nan malamin ba ya iya cin komai, yana ta ambaton wani abinci da shi bai san yadda ake yi ba. Ya ciro takarda daga aljihu ya nuna mini yadda ya rubuta sunan, gwate ne.

Washegari na dafa. Babu acca a Amurka a lokacin, da tsakin masara na yi, na sa alayyafo da ɗan yakuwar da nake ɓoyo, na kai gidansu a cikin birni. Zan faɗi abin kunya, a cikin robar da ake yarwa na zuba, don kada kwanona ya dawo gidana. Malamin ya kalli robar, ya kalle ni, ya yi murmushi ya ce Yaya har yanzu ba ta son wanke-wanke. Ya zama ƙashi da fata, amma ɗakin tsaf, zanen gado a goge, magunguna a jere, duk aikin mutumin da muka ce a kora. Ya ci cokali huɗu ya ce gishiri ya yi kaɗan. Na durƙusa a gaban gadon na fara neman gafara, ya ɗaga hannu ya ce in tashi, ya gama da wannan tun tuni, ba shi da sauran kwanakin da zai ɓata wajen riƙe ni. Ya ce abu ɗaya ne ya hana shi barci, katinsa. Uwarsa ta san ba shi da lafiya, ba ta san komai bayan wannan ba. In ya mutu babu kati, faston ƙauye ba zai yi sujada ba, kuma tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana share majami'a za ta zauna a tsakar gida mutane suna zuwa gaisuwa suna kallon ƙasa. Ya ce Baturen fasto ya yi masa tayin jibi tun tuni, ya ƙi, domin yana so ya ji kalmomin jibin da Hausa kamar yadda ya fara jin su.

Ban fara da sata ba, a rubuta wannan. Na je gidan Baba na zauna a ƙasa na roƙe shi. Na ce Baba, yaron nan ba zai ga Ista ba. Ya ce 'yata, ƙofa a buɗe take, sharaɗin bai canza ba, in ya cika yau shi da kansa zai kai masa gurasa. Na ce mutumin da ba ya iya ɗaga kansa daga filo ta yaya zai kori mai ɗaga masa kai, in kuma ya kore shi wa zai maye gurbinsa a cikinmu. Baba ya ce ba shi ya rubuta dokar ba. Na je wurin Mama shugabar zumunta, ta ce wannan maganar maza ce, ta kuma tuna mini cewa ai ni na kawo ta. Na dawo wurin mijina, ya ce katin amana ce a hannunsa, kada in sa shi cikin abin da zai kunyata. Na tambaye shi wasiƙar da aka umarce shi ya rubuta wa ikkilisiyar ƙauyen malamin don sanar da su horon, ko ta tafi. Ya ce ya rubuta, bai dai samu ya sayi kan sarki ba. Wata goma sha ɗaya ke nan, kuma wannan mutum ne da ba ya manta ranar da za a canza man mota.

Ran Alhamis da safe, bayan ya tafi aiki yara sun tafi makaranta, na taka kujera na sauko da gwangwanin. Katuna uku ne a ciki, na ɗauki ɗaya na mayar da biyu. Na biya Beltsville na ɗauki Baturen fasto, muka shiga birni. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin magani, ya ɗora gurasa da ɗan ƙoƙo. Shi ya karya gurasar, ni kuma na faɗi kalmomin da Hausa, kalmomin da tun ina yarinya nake ji daga bakin ubana, waɗanda a ikkilisiyarmu ba a taɓa jin su daga bakin mace ba. Ba'amurken ya tallafo kansa, ni na riƙe masa ƙoƙon. Ya sha, ya miƙo mini, na sha a inda ya sha. Baturen ya sa hannu a layin watan. Layuka goma sha ɗaya na sama suna nan fari fat, ba mu cike ko ɗaya ba, duk mai ido zai gani. Malamin ya riƙe katin a ƙirjinsa ya ce in yi masa waƙa. Na fara, ban kai ƙarshen baiti ba ya ɗaga yatsa ya ce na ja numfashi a inda bai kamata ba, in sake. Na sake.

Ya rasu bayan kwana tara. Baturen ya binne shi a nan, katin kuma na ba wata 'yar garinsu da za ta gida ta kai wa uwarsa hannu da hannu. Mijina ya gano tun ranar Alhamis ɗin, domin na manta ban mayar da kujerar da na taka ba. Ya ce dole ya gaya wa dattawa, na ce ya huta, da bakina zan faɗa, tunda bakin ya saba. Dattawa suka zauna a kaina. Laifina uku a wurinsu, na ɗauki abin da ba nawa ba, na kai jibi ga wanda ke horo, na kuma faɗi kalmomin da ba na mace ba ne. Suka yanke mini wata shida, amma saboda mutuncin ubana da na mijina suka ce in na tsaya gaban jama'a na tuba ran Lahadi za a rage. Na ce zan tsaya. Mijina ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka magana ta ƙare.

Ran Lahadi na ɗaura zanen zumunta na tsaya a gaba. Na ce na zo in furta zunubi, kuma babba ne. Na ce wani mara lafiya ya ba ni amana ya haɗa ni da sunan Yesu, ni kuwa na ɗauki amanar na kai falon Springfield na yi mata ado da sunan roƙon addu'a, don a kalle ni. Na ce wannan na tuba, kuma ko shekara goma aka ba ni a baya ban biya ba. Sai na ce amma maganar kati, a rubuta a littafin ikkilisiya cewa ban tuba ba, kuma da za a mayar da katin cikin gwangwani gobe zan sake taka kujera. Na juya wajen Baba na ce Baba, kai ka gaya wa Bature cewa a ƙasar nan babu mai shiga tsakanin majami'a da Allahnta, kuma gaskiya ka faɗa, ba zan kai ku ƙara ko'ina ba, ƙofarku ce, mabuɗinku ne. Amma 'yancin da ya hana gwamnati riƙe muku hannu shi ne ya hana ku riƙe mini zuciya, kuma shi ubana ya kwana a gindin dutse dominsa. Na ciro katina daga jaka na ajiye a gaban mijina, na taka har baya, na buɗe kujerar nan da ake gogewa da maganin wanki na zauna. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya biyo ni. Aka ci gaba da sujada, mawaƙa suka tashi ba murya ta biyu.

Wata shida ya zama kusan shekara biyu, domin duk lokacin da aka tambaye ni amsar ɗaya ce. Matan da muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya suka riƙa gaishe ni daga nesa. 'Yata ta fari ta dawo daga makarantar Lahadi tana tambayata da Turanci ko ni ɓarauniya ce. Ni da mijina mun yi watanni maganarmu ba ta wuce ta yara da cefane. Katina yana cikin gwangwanin nan a ɗakina, sama da kaina, ina share ƙurar kabad ɗin duk Asabar, ban taɓa buɗe shi ba. Wanda na ɗauka na wani ne da aka zalunta da bakina, nawa kuwa na san abin da ya kai shi ciki, ko da dattawa sun rubuta wani dalili dabam. Daga baya suka mayar mini da shi shiru, ba sanarwa, ana saura mako biyu bikin Kirsimeti, lokacin da aka rasa mai riƙe babbar tukunya.

Ina cikin horon ne 'yar garinsu ta dawo da kaset daga tsohuwar. Na saka a mota ni kaɗai. Ta ce kati ya iso, fasto ya duba ya ga sa hannun ƙarshe, ya ce layukan da ba a cike ba ai na ciwo ne, an yi sujada, majami'a ta cika har waje, mawaƙan ƙauye sun yi waƙoƙin da ɗanta ya riƙa aiko mata. Ta ce an gaya mata wata 'yar Filato ce ta riƙe masa ƙoƙo. Ta ce ba ta san fuskata ba amma daga yau ni 'yarta ce, sannan ta sa mini albarka ta ce Allah ya rufa mini asiri kamar yadda na rufa wa ɗanta. Na tsayar da mota a gefen hanya. Duk horon da dattawa suka yi mini bai kai wannan addu'ar zafi ba.

Yanzu na tsufa, na bar aiki, Baba da mijina duk sun riga mu gidan gaskiya. Na san akwai masu karatu, Kirista da Musulmi, da tuni sun ɗauki biro za su tambaye ni ko na halatta abin da malamin ya yi. Su ajiye biron. Ni ba malamar tauhidi ba ce, ban buɗe sabuwar ikkilisiya ba, har yau a cikin tawa nake, kuma na bar wa kowa abin da ya gaskata kamar yadda nake so a bar mini nawa. Abin da na sani shi ne an ba ni aiki biyu a kan mutumin nan, in rufe bakina, in kuma kula da shi, babu wanda ya ba ni aikin alƙali. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa, kuma shi da muka ce ya ɓata shi ya yaga takardar da za ta raba 'ya'yana da abinci.

Don haka 'yan'uwana mata, musamman mu na zumunta masu son a ce mun damu da kowa, in kika ji roƙon addu'a yana yi miki daɗi a baki tun kafin ki faɗa, ki haɗiye shi. Allah ba kurma ba ne, yana ji daga ɗakinki, ba ya buƙatar mata goma sha wani abu su taya shi saurare. Ku kuma masu riƙe da mabuɗin ƙofa, ikonku ne, babu mai ƙwace muku, amma kafin ku ware wa wani kujera ku tambayi kanku wa zai je ya juya shi a gado. Ni dai na zauna a kujerar nan kusan shekara biyu, na san yadda waƙa ke isowa can baya. Kaset ɗin tsohuwar yana nan a gwangwanin biskit, kuma har yau ban iya cewa amin ga addu'arta ba.